Ba A Samu Ba

Ƙarfe tara a Agege, janareta na tari,
shayina ya huce.
Oga ya ce kafin Litinin
kowane kwastoma ya samu sabuwar lamba.

Na rubuta umarni ɗaya a gidan farko:
je ka da tsohuwa, nemo, kawo sabuwa.
Na ja shi ƙasa.
Mutum dubu biyu suka sauya riga
kafin danfo ya cika a tasha.

Sai layi na ɗari huɗu da shida
ya cije, wai ba a samu ba.

Iya Morenike ce, mai sarin albasa.
Rabonta da mu tun damina.
Muna binta buhu biyu,
tana bina tatashi.

Ban goge ta ba.
Na kashe fitila.