Minti Biyu Aka Ba Ni

An rataya farin ƙyalle a bangon gidan samari.
Sau biyu wuta na ɗaukewa kafin a fara,
yaran Zango suka yi ihu, aka tada janareto.
Sai ga Barira, ta fi soro tsawo,
gurmi a cinya, wushiryar nan tata a fili,
tana dariyar da na shekara goma sha ɗaya ban ji ba.

Sun ɗora ta kan duwatsun Birni, rana na faɗuwa,
kamar dama can take kwana.
Barira mai tsoron kunama!
Waƙoƙinta a layin famfo ta haife su,
ƙarfe ukun dare, tsakanin jarkoki,
ana jiran ruwan da ya yi alkawari tun Talata.

Wani malamin jami'a ya gyara tabarau,
ya ce ita murya ce mai 'yanci.
Mu dai a lokacin mai taurin kai muka sani.
Ba ta kiran sunan kowa,
ba alhaji, ba ɗan takara, ba mai unguwa.
In ka liƙa mata jika a goshi
sai ta ɓare ta miƙo maka,
ta ce, bawan Allah, kuɗinka sun faɗi.

Sannan fuskata ta cika bango.
Harisu, makaɗin ƙwaryarta, aka rubuta a ƙasa.
Minti biyu aka ba ni.
Na ce mun zaga Mirriya, Magarya, Matamai, har Tanut.
Na ce mota ta taɓa mutu mana a daji,
muka raba ƙuli ɗaya mu huɗu.
Na ce ba a yi kamarta ba a Damagaram.
Duk gaskiya ne.
Amma gaskiya ma tana da mayafi,
ta san inda take rufewa.

Ban faɗi shekarar zaɓe ba,
da aka aiko da babur, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba,
da shinkafa buhu uku.
Suna ɗaya tak ake nema, a cikin amshi.
Ta ce a mayar, gurminta ba ya cin shinkafa.
Ni na bi ɗan aiken har bakin tasha.
Ni na hau babur ɗin.
Na kai musu karin waƙarta ta ruwa,
aka cire ƙishirwa, aka cusa sunan mutum,
lasifika ta yi wata biyu tana yawo da ita a kasuwar Dole.

Ba ta zage ni ba.
Da ta zage ni, da na warke.
Ƙanenta ta aiko da ƙwaryata, naɗe cikin tsohon zane,
da saƙo: ka manta kayanka.

Fim ya ce murya ce ta gaza mata.
Ban sani ba ko ita ta faɗa musu haka.
Ni dai ina jin ta ta katanga in na bi lungunsu,
tana yi wa awakinta baitocin da rediyo bai taɓa samu ba.

Aka yi tafi. Aka kashe majigi.
Tana layin gaba, kan kujerar roba,
ɓawon gyaɗa ya cika mata cinya.
Na so in sulale ta bayan masu kabu-kabu,
sai na ji sunana.

Harisu, ka yi ƙiba a sinima.
Babur ɗin yana nan?
Na ce ya mutu tuntuni, an sayar da ƙarfen.
Ta kakkaɓe zaninta, jikarta ta kama mata hannu.
Ta yi taku uku, ta tsaya, ba ta juyo ba.

Ƙwaryar fa?

Tana nan, Barira, a kan sif.
Ƙullin da kika yi wa zanen
har yau ban kwance ba.