Lissafi a Bayan Katin Asibiti

Baba ya sayar da keken ɗinkinsa,
wanda ya shekara ashirin yana kuka a Tudun Wada.
Inna ta roƙi kwasar adashi tun zagayenta bai zo ba.
Wata goma sha takwas ina koyon aikin lafiya:
kuɗin rajista, farar riga biyu, abin awon jini,
kuɗin bas zuwa Shika har ranar da ake ruwa.

Yau ga takardar a bango cikin gilashi,
kusa da agogon da ya tsaya.
Albashina wurin Dokta Tanimu dubu talatin da biyar.
Cire mota, cire sabulu, cire katin waya,
saura bai cika mudu goma na shinkafa ba.
Na buga a bayan katin wani mai zazzaɓi:
shekara uku kafin keken Baba ya dawo gida.

Yaya Barau ya ce da kaji aka saya
da yanzu jikokinsu na yin ƙwai.
Na yi shiru. Ranar ya fi ni hujja.

Sai daren Laraba.
Baba ya ce kansa na sara, bari ya ɗan kwanta.
Na ɗaura masa awo,
allurar ta haura ɗari biyu.
Kafin kiran assalatu muna Shika.

Ga shi can ƙofar gida yanzu,
allura da zare a hannu,
yana ɗinka wa jikansa maɓalli, yana faɗa.

Yaya, ka fi ni iya lissafi.
A wane layi zan rubuta wannan?