Mai Gyaran Tsakuwa a Gangaren Ticlio

Aikina tsakuwa ne.
Ƙasa da San Mateo, inda kwalta ke karkata hagu
kamar ta tuna wani abu,
akwai wata 'yar hanya da ba ta zuwa ko'ina:
taku ɗari biyu na tsakuwa, ta hau tudu, ta ƙare.
Kullum da asuba ina bin ta da manjagara
don kada sanyin dare ya dunƙule ta.
Tsakuwar da ta yi tauri ba ta riƙe taya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyara shimfiɗa
saboda baƙon da ba na fatan zuwansa.

Hancina ya riga idona sanin direbobi.
Wanda ya sauko da giya ta biyu, injinsa na gurnani,
tafiyar hawainiya, na bayansa na ta zaginsa da ham,
shi ba ya wari. Zai ci abincin darensa a Lima.
Amma wanda ya ba ƙafarsa amana tun daga ƙoli,
yana taka birki, yana sake takawa,
ƙaurinsa ke fara yi mini sallama,
kamar an manta tukunya a kan wuta.

A kwanar da ke gaba da ni akwai gicciye bakwai.
Na biyar, mai shuɗin fenti, na Fortunato ne.
Na gan shi ranar, ido da ido,
ya dubi bakin tsakuwata, ya dubi hanya,
ya lissafa kuɗin janwe da za a yanke a albashinsa,
ya wuce.
Matarsa na zuwa duk wata da furanni a gwangwanin madara.
Ba ta taɓa tambayata abin da na gani ba.

Sai wata Laraba, gajimare ya sauko har gwiwa,
na ji ƙaurin nan, mai kauri,
sannan ham ɗaya doguwa da ba ta numfasawa.
Na jefar da manjagara na haye dutse.
Tirela ta ɓullo, tan talatin na ma'adinai a bayanta,
hayaƙi na tashi daga kowace taya.
Na ɗaga hannu biyu. Ban san me na ce ba.

Ya karya sitiyarin.

Tsakuwa ta tashi kamar an watsa hatsi,
ta haɗiye tayoyin har gindi,
ƙarfe ya yi kuka, ya yi kuka, ya yi shiru.
Har na ji ruwan Rímac yana tafiyarsa a ƙasa.

Eleuterio Yauri sunansa, mutumin Junín.
Sai da na ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari ɗaya-ɗaya.
Wani ɗan takalmin jariri na ta lilo a madubinsa,
shi kaɗai bai san an tsaya ba.
Da bakinsa ya buɗe, abin da ya fara cewa:
"Kamfani zai kore ni."
Na zuba masa shayin ganyen koka a murfin fulas,
na juya kafaɗarsa wajen kwanar nan.
"Ƙirga," na ce.
Ya ƙirga har bakwai, ya zauna a kan taya, ya rufe fuska.

Kwana uku na yi ina cike ramin da ya bari,
bayana har yau bai yafe mini ba.
Ko sun kore shi, ban sani ba.
Akwai dai wata jar mota da ke saukowa duk Juma'a,
a hankali, har ta ba mutum haushi,
ta yi mini ham sau biyu, gajeru.
Nakan ɗaga manjagara,
in koma kan tsakuwata.