Zoben da Ke Juyi

A tsibirinmu, kudu da Samar,
inda teku ke lasar ƙafafun gidaje,
sun kafa dogon ƙarfe a bayan coci,
jar fitila na ƙifta ido a ƙoƙuwarsa.
Suka ce mana: ga shi nan, mun buɗe muku duniya.

Ni ne Anastacio, masunci.
Shekara arba'in ina karanta gajimare,
yanzu ido ya soma yi mini gardama.
'Yata Liwayway ta ce, "Tatay, bar mini wannan."
Kwana bakwai ba ta runtsa ba, ta haɗa ɗan shafi:
ƙarfin iska, lokacin cikar ruwa,
da farashin kifi a Guiuan kowace safiya.

Shafin ba hoto, ba kiɗa,
bai kai nauyin ɓawon jatan lande ba.
Amma in na taɓa shi sai wani zobe ya hau juyi,
ya yi ta zagaye kamar akuya a turke,
har shinkafa ta nuna, har ta huce,
bai kawo mini kalma ba, ta gaskiya ko ta ƙarya.

A wayar nan dai, a tafin nan dai,
bidiyon wani yaro mai rawa da kare
yana kwararowa kamar an fasa randa.
Wannan kyauta ne, in ji takardar kamfani.
Hira kyauta, wasa kyauta.
Abin da 'yar cikina ta rubuta kuwa
sai na sayi katin peso hamsin,
kuɗin man da zai kai ni bayan duwatsu,
kuma ko na saya, tafiyar hawainiya.

Na tambayi Crisanto mai sayar da kati.
Ya sosa ƙeya. "Mano Tasyo,
manyan sun yi ciniki tun daga sama,
an zuba musu kwalta.
Ƙanana sai su bi ta laka."
Na ce, to ni fa? Ai ni ma na biya.

Na yi fito shekara tara kafin in koma taru.
Buhun attajiri, buhun gwauruwa,
gefe da gefe suke kwanciya a cikin jirgina.
Ban taɓa kwance bakin buhu ba,
ban tambayi kaya sunan ubansu ba.
Wanda ya ba da kuɗin fito, tasa ce hanya.

Ranar Alhamis da asuba sama ta yi lumui.
Zobe ya juya, ya juya. Na gaji, na tura jirgi.
Rana tsaka iska ta sake shawara.
Taru ya tafi, inji ya sha gishiri,
na dawo da duhu ina tuƙi da murfin akwati.
A bakin gaɓa na same ta, jiƙe sharkaf.
Ashe tun ƙarfe huɗu ta rubuta:
kada kowa ya fita yau.
Maganar tana nan, ba ta ɓata ba,
tana tsaye a layi bayan kare mai rawa,
tana jira a ba ta hanya.

Muka rubuta wa Manila, mu talatin da biyu,
wasunmu da dangwalen yatsa.
Amsa ta zo bayan wata uku, a takarda mai santsi:
ba mu toshe kowa ba.
Haka ne.
Wanda aka tsayar a ƙofa har aka watse biki,
ba za a ce an kore shi ba.
Na ninke takardar na toshe ɓular jirgi da ita,
a nan ta yi rana ɗaya.

Yanzu akwai baƙin allo a bakin kwata.
Liwayway kan fito da alli kafin zakara,
ta rubuta iska, ta rubuta ruwa, ta rubuta kuɗin kifi.
In ruwan sama ya wanke, ta sake.
Ƙarfen yana nan yana ƙifta mana ido.
Mukan wuce ta ƙarƙashinsa da fitilunmu
mu je mu karanta allo,
shi bai san wane ne ya biya ba,
wane ne bai biya.