Kwalin da Ya Kwana a Ƙarƙashin Fijo

Wata bakwai tana tsaye a gindin mangwaro,
Fijon Baba, fara mai tsatsa a gefen ƙofa.
Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta
babu wanda ya taɓa makullinta. Ni ma ban iya.

Da na tashe ta, ta kai ni Samaru ta dawo,
ko tari ba ta yi ba.
Da safe sai ga tabo a simintin ƙofar gida,
baƙi, faɗin kwabo,
tsakanin tayoyin baya.

Sallau, a garejinsa na Muciya,
bai ko tashi daga benci ba.
Ya ce, "Je ka shimfiɗa mata kwali ta kwana a kai,
gobe ka kawo min kwalin.
Mai mota yakan ƙara gishiri,
kwali ba ya ƙarya."

Na kawo. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya kai hanci.
"Man birki tsararo ne, yana cin fenti.
Na shakazoba ba ya wari haka.
Sunsuna." Na sunsuna:
ruɓaɓɓen ƙwai a cikin daddawar bara.
"To, ka gaisa da man giya."

Iro ya ɗaga ta da jak, ya tokare da kututture,
ya wanke ƙoƙon aksul da kananzir
har ƙarfen ya tuna launinsa.
Aka roƙo toka wajen mai ƙosan bakin titi,
aka barbaɗe cikin motar kamar kazar da ta yi birgima.
"Ku je Kwangila ku dawo.
Ban da gudu, kuma kada ku tsaya."

Mun dawo, na kwanta kusa da shi a kan buhu.
Gasket a bushe. Notin zubar da mai a bushe.
Can gefen hagu, inda sanda ta shiga ƙoƙon,
wani siririn zare ya jiƙa toka,
ya gangaro, ya yi hanya.

Na ce, "Sil ne ke nan, a canja."
Ya ce, "Sil ɗin nan ni na sa shi bara da azumi,
mahaifinka na zaune kan wancan bencin
yana min gardamar kuɗi.
Ka ga inda aka faɗi. Saura inda aka yi tuntuɓe."
Ya cusa hannu sama, cikin duhu, yana lalube
kamar mai neman guga a rijiya.

Abin da ya kunto bai kai babban yatsa ba.
Birida, in ji shi, hancin da ƙoƙon ke numfashi.
An liƙe bakinta da jar laka, tsaf, aikin gwani.
Ya ƙwaƙule da waya, sai ga busasshen gizo-gizo:
zanzaro ne ya ga mota ta daina motsi
ya yi gini, ya yi wa 'ya'yansa ajiya.

"Mai in ya ɗau zafi, iska yake nema.
In ya rasa ƙofa, sai ya bi ta inda ya fi laushi."
Ya hura ta, ta yi fito.
Ya ɗura mai har ya leƙo bakin rami.
Kuɗin man kawai ya karɓa,
ya ce sauran tsakaninsa ne da Baba,
in sauka lafiya.

A gadar Kubanni rana ta soke min ido,
na sauke marfin kare rana,
takarda ta faɗo min a cinya:
rubutun Baba, ranar canjin sil, da abin da ya biya.

Na gangara gefen titi, na kashe inji.
Laraba ta kira, "Kana ina? Tuwo ya huce."
Na ce mota ta gyaru.
Ta ce, "To me ya sami muryarka, Yaya?"

Yau kwana tara simintin a bushe.
Kwalin yana nan a bayan ƙofa,
har yanzu da warin man giya.