Jimla Uku Don Malam Arzika

Malam Arzika ya rubuta ta a allo da guntun alli,
haruffa shida, ɗaya daga ciki ba a furta shi,
yana zaune shiru kamar baƙo a gidan suna.
Ya ce, "Turanci ce. In an faɗe ta a kan mutum,
to an ƙarfafa masa gwiwa, zuciyarsa ta taso."
Mu goma sha ɗaya ne a ajin dare na Yelwa,
fitila guda, sauro ba adadi,
ni ne mai ƙarnin kifi a bencin baya.

Ya ba da misali da 'yan kasuwa,
ranar da kuɗin shinkafa ya hau.
Ya ba da wani da 'yan ƙwallo
da suka zura ɗaya kafin a tafi hutu.
Muka maimaita kamar aku.
Ni dai ban ji ta a jikina ba.

Sai ya ce, yana kakkaɓe alli daga hannu,
wai asalinta sunan wani abu ne da ake ɗaurewa bisa ruwa,
igiyar ruwa ta danne shi, ya sake ɗagowa.
Na ce, "Malam, ai gora ke nan!"
Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, "Manu, jimla uku, ranar Talata.
Amma ka kula, kalmar nan ba ta tafiya ita kaɗai.
Ba ka ɗaga kanka da ita, ɗago ka ake yi.
Dole ka faɗi abin da ya ɗago ka."

Shekara talatin ina kifa ciki kan gora a Kwara,
ban san da akwai nahawu a ciki ba.

Ta farko na rubuta ta a bakin mashaya, littafi bisa cinya:
shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafar fadama,
na dawo gida da lauje kawai,
Tumba ta ajiye mini tuwo, ta ɗauko taru ta hau ɗinke ɓula,
ba ta ce uffan ba.
Wannan ɗinkin ne ya ɗago ni.

Ta biyu ta ci mini kwana biyu.
Bayan da ruwa ya riƙe ƙanena Gado bai mayar ba,
na yi kwana arba'in ban taɓa filafili ba.
Kwalekwale ya bushe har ya fara tsagewa.
Rannan ɗansa Nomau, ɗan shekara bakwai,
ya jawo filafilin yana jan ƙasa, ya fi shi tsawo,
ya ce, "Baffa, ta ina ake riƙewa?"
Yaya ake sa wannan a Turanci?
Na sa yadda na iya.

Ta uku ƙarama ce, har na ji kunyarta:
na karanta takardar magani da kaina a asibiti,
ɗaya da safe, ɗaya da dare,
ban roƙi kowa ba.

Talata ya karɓa, ya matsa kusa da fitila.
Ya daɗe a kan ta biyu.
Jan biro ya sauka sau uku, wuri ɗaya:
ashe duk na bar harafin nan da ba a furtawa.
Na ce, "Malam, tunda ba ya magana, me ya tsare?"
Ya ce, "Cire shi ka gani, kalmar ta zama wata."

Na biyo hanyar kasuwar kifi cikin duhu,
hayaƙin banda yana bin rigata.
Na tarar Tumba ta bar mini fitila a zaure,
ta yi barci, allurar taru a hannunta.
Na buɗe littafin, na laluba harafin da yatsa.
Yana nan inda Malam ya mayar da shi,
na biyu a layi, ja,
bakinsa buɗe sama kamar ƙwarya bisa ruwa.