Basilla a Tsakiyar Tabarma

Ni ne Gambo, na biyo bayansu,
na tarar gardamar ta girme ni.

Zabeiru da Zakari, mabiyiya ɗaya,
rami ɗaya aka binne ta bayan ɗakin Inna a Birni.
Tare suka yi haƙori,
ƙyanda ma tare ta kwantar da su.
Sai ran da Baba ya manta basilla a tsakiyar tabarma:
Zakari ya miƙa dama,
Zabeiru ya miƙa hagu,
kamar mai taɓa hannunsa a ruwan randa.

Inna ta ce laifin goyo ne.
Ɗaya a baya, ɗaya a kwiɓi,
damar Zabeiru matse da haƙarƙarinta,
hagu ce ta fara ganin duniya.
Baba ya ce jini ne,
ai kawunsa na Mirriya da hagu yake fiɗa,
kuma bai taɓa huda fata ba.
Ungozoma ta tauna goronta, ta ce:
ɗakin da suka kwana wata tara ƙunci gare shi,
kowa ya tsotsi yatsan da ya fi kusa.

Aka naɗe hagun da tsumma.
Ludayi ya sauka a kanta lokacin fura,
mushe a lakwal ya ƙara da nasa.
Ya koyi loma da dama,
alli da dama,
karɓar canji a kasuwar Dole da dama.
Amma a ba shi dutse, a nuna masa ƙadangare kan katanga,
sai tsohuwar ta farka.

Yanzu suna zaune a rumfar Baba, gwiwa da gwiwa,
jaka ɗaya tsakaninsu, jar fatar akuya.
Wannan ya taso daga gabas, wancan daga yamma,
ɗinki ya haɗu a tsakiya,
ba mai gane inda wani ya tsaya.

Baba ya tafi da maganarsa.
Jiya 'yar Zakari, Zakarin dama,
ta rarrafo ta ɗauki cokali da hagu.
Inna ta daɗe tana kallonta,
ta ɗaga ludayi, ta mayar cikin ƙwarya.
Ta ce: wannan kam ba ni na goya ta ba.